Kwanukan da Aka Kai Mini a Kurfi

Ana idar da sallar asuba muka tashi daga Zariya, mu huɗu cikin tsohuwar Fijon sashenmu na koyar da aikin lauya. Direba da Farfesa, shugaban sashe, suna gaba, ni da Malama muna baya, da kwalin littattafai a tsakaninmu. Ni na ajiye kwalin a wurin da hannuna, kuma ba don but ɗin motar ya cika ba ne.

Tunda kun ishe ni da tambayar yadda tafiyar ta kasance, bari in fara da abin da ya fitar da mu. Shekara da shekaru in muka je taron ƙungiyarmu ta malaman lauyoyi a Ikko, mu 'yan Arewa ba mu cika benci guda, mata kuwa sai ka waiga ka sake waigawa kafin ka hango ɗankwali ɗaya. Ni ne na yi ta ɓaɓatu har muryata ta dishe, cewa a buɗe ƙofa, a ba kowane yanki kujera a majalisar ƙungiya, a jawo mata, a jawo 'ya'yan ƙauye. Bana dai aka amince. Da yake bara aka ba mu jiharmu ta Katsina, sai aka ce ita ma tana da kujera ɗaya, kuma ɗan yankin ne zai hau ta. Na ce to, Allah ya kashe ya ba ni. Ni mutumin Kurfi ne gaba da baya, a can aka binne ubana da kakana. Har na kai wa tela ɗinkin babbar riga.

Kwatsam sai Malama ta ce ita ma tana so. Ita kaɗai ce mace a cikin malaman sashenmu, Kirista ce, iyayenta Yarbawa. Babanta disfensa ne, mai ba da magani a asibiti, da aka kawo Dutsin-Ma tun zamanin En'e, a can aka haife ta, daga baya aka mai da shi Kurfi na 'yan shekaru kafin ya koma Dutsin-Ma. Wallahi ranar da na ji ko abincin rana ban iya ci ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi ke nan. Na shiga ofis-ofis ina cewa ba ni da matsala da ita, mutuniyar kirki ce, ta san aikinta, amma ai ba 'yar ƙasa ba ce.

Farfesa aka bar wa miƙa suna ɗaya. Shi kuwa Banufe ne, kun san tsakaninmu da su, bai taɓa kirana da sunana ba sai "bawana Bakatsine". Ya ce ba zai yanke hukunci a ofis ba. Dama akwai tafiyar da aka shirya don jan hankalin iyaye su bar 'ya'yansu su karanta aikin lauya, to mu tafi tare, ya gani da idonsa wanda mutanen wurin suke kira nasu. Na yi murmushi, don a ganina an kai ƙara kotun da alƙalinta kawuna ne.

A Funtuwa muka karya. Mai shayin ya faɗi kuɗin biredi da ƙwai, Farfesa ya tambaye shi ko har da teburin ya haɗa. Tun da aka karya darajar naira komai ya tashi, gwangwanin madara yanzu mai shayi ɗiga maka shi yake yi kamar maganin ido. Daga nan muka bi ta Bakori muka karkata Ƙanƙara. Ƙarshen damina ne, gero ya yi kai ya sunkuya, dawa ta fi mutum tsawo, ko'ina kore shar. Hanyar ce dai ruwa ya ci gefenta, direba yana ta kauce wa rami yana faɗawa wani, kwalin littattafan nan yana dukana a haƙarƙari. Alhakin Malama ne, na sani.

A 'Yantumaki muka tsaya sayen tumu. Na leƙa ta taga na tambayi kuɗi, mai tumun ta dubi motar, ta dubi agogona, ta faɗi abin da ta ga dama. Malama ta sauke nata gilashin ta ce, "Haba Inna, mi ya yi zahi? Geron bana ne hwa." Nan take tumun ya sauko, har da gyara. Harshen Katsina ke nan tsantsa, irin wanda na baro a makarantar kwana ban sake ɗauka ba. Farfesa ya waigo ya ce ashe akwai Bakatsine na gaske a motar. Na ce masa iya ciniki ba shi ne asali ba, ya yi dariya ya ci gaba da gurgurar tumunsa.

Da hantsi muka hango duwatsun Dutsin-Ma. Ko gama fitowa daga mota ba mu yi ba a bakin tasha, wata tsohuwa mai fura ta saki ludayi ta taso tana cewa 'yar Disfensa ce, 'yar Disfensa ce. Kafin ka ce kwabo an kewaye ta. Mai gyaran keke, mai goro, wani dogo mai sayar da igiya, kowa da abin da zai tuna mata. Wannan babanta ya ɗinke masa ƙafa, wancan mamarta ta koya wa matarsa keken ɗinki. Ni ina tsaye da jakata, na gyara hula ya fi a ƙirga, babu wanda ya ce mini ci kanka. Can wani ya matso da fara'a, na miƙa hannu, ashe so yake in ɗan gusa ya wuce da buhu.

Makarantar 'yan mata muka fara zuwa. Ni na fara magana, kuma ba yabon kai ba, na yi bayani mai kyau a kan yadda ake shiga jami'a da darussan da ake bukata. Suka tafa mini irin tafin da shugabar makaranta ta ce a yi. Da Malama ta miƙe, sai kawai ta buɗe jaka ta fito da baƙar rigar lauya da farar hular nan ta gashi, ta kira wata 'yar siririya daga layin baya ta ɗora mata. Ɗakin ya kaure. Yarinyar ta tsaya ƙiƙam, hular ta rufe mata gira, ta tambaya ko mace tana iya tsayawa gaban alƙali ta yi magana ba a ce ta yi rashin kunya ba. Malama ta ce ita ma a garin nan ta yi tallan ƙosai kafin ta tafi makaranta, kuma ta tsaya gaban alƙalai ba ɗaya ba ba biyu ba, babu wanda ya kore ta. Aka yi ta ɗaga hannu har lokacinmu ya ƙare. Ni ma fa ina da irin hular nan, tana Zariya a saman kabad, ban san me ya hana ni tunanin ɗauko ta ba.

Daga nan sai gidan alƙalin gari, dattijo mai farin gemu wanda bai ɓoye mana ra'ayinsa ba. Ya ce shi a saninsa lauya mutum ne da ake biya ya mai da ƙarya gaskiya, kuma ba zai kai ɗansa ba balle 'yarsa. Na jawo masa hujjoji, har da Larabcin da na ɗan sani, ya saurare ni yana jan carbi, ko gezau. Sai da ya gane ko Malama 'yar waye ce sannan ya ajiye carbin. Ya ɗage wandonsa ya nuna mana tabon kurkunu a ƙwaurinsa, ya ce Disfensa ne ya yi ta zuwa kullum yana naɗe tsutsar a tsinke har ta fita, bai taɓa nuna ƙyama ba. Ya ce in dai irin gidan nan ne ke fitar da lauya, to zai sake tunani a kan jikarsa. Na zauna ina duban tabon nan ina jin haushinsa, har na fara tunanin ko ubana ya taɓa yi wa wani alƙali wani abu.

Da rana muka ci kifin dam ɗin Zobe da shinkafa, kifi mai kyau, amma ni ban ji ɗanɗanonsa ba. Da la'asar Malama ta roƙi direba ya biya da ita bayan gari, ta unguwar da malaman makaranta da makanikai 'yan Kudu suke zaune. Na zaci coci za ta. Ashe maƙabartarsu ce. Ta sauka ita kaɗai, ta cire ciyawar da ta rufe wani kabari da hannunta, sannan ta dawo. Babanta ne. Bayan ya yi ritaya 'yan uwansa sun so ya koma ƙasar Yarbawa, ya ce shi ina zai je. Na yi mata ta'aziyya kamar yadda ya kamata, amma zan gaya muku gaskiya, a zuciyata cewa na yi, har kabarin ma sai da ta yi tarayya da ni. Kabarin ubana shi ne fa babbar hujjata.

Muka kwana a gidan saukar baƙi, washegari da safe muka kama hanyar Kurfi. Na ce wa raina yau ake yin ta, Dutsin-Ma garinta ne, na bar mata, amma Kurfi tawa ce. Ranar kasuwa ce, hanya cike da jakuna da amalanke da masu kekuna ɗauke da kaji. Muka fara gaida hakimi, sannan aka tara mana dattawa a gindin wata bishiya kusa da makarantar firamare, har da mutanen Rawayau da na Barkiya da suka zo cin kasuwa. Su ba karatun ne ya dame su ba, gona ce. Kowa da rigimar iyakarsa, ko ta shanun da suka shigar masa gero. Farfesa ya ce musu da suna da ɗa lauya ai da ba sai sun jira baƙi sun zo daga Zariya ba, suka jinjina kai. Ni aka ba kujera mai hannu, ana ta "Lauya, sannu da zuwa", "Lauya, an sha hanya". Malama kuwa tun kafin a tashi wata mata ta ja hannunta, ban sake ganinta ba.

Gidan Gwaggo muka sauka, ƙanwar mahaifina, ita ce babbar da ta rage mana. Aka share zaure aka shimfiɗa sabuwar tabarma, har da darduma da matashi. Muna idar da azahar aka fara shigo da kwanuka. Wannan daga gidan liman, na Lauya ne. Wannan daga gidan sarkin pawa, na Lauya ne. Shinkafa da kaza, dambun zogale, waina da miyar taushe, zabuwa soyayya, fura mai nono har da zuma. Kowane kwano da faifansa mai ado a rufe, kuma kowanne da sunana ya shigo. Na saurara da kyau, babu ko ɗaya da aka ce na 'yar Disfensa ne. Kai, jama'a, wani sanyi ya ratsa ni tun daga ƙeya. Direba ya kwance maɓallin wando, Farfesa ya ci har ya jingina da bango.

"Bawana Bakatsine," in ji shi, yana suɗe yatsa, "jiya na ɗauka ka faɗi. Amma garin da ya yi wa mutum wannan, nasa ne. Kujera taka ce."

Da a nan na tsaya, da yanzu wani labarin nake ba ku. Amma mai hassada ba ya ƙoshi da cin nasara, sai ya ga fuskar wanda ya kayar. Na ɗauki kwanon da ya rage da cinyar kaza, na ce bari in kai wa Malama, kar a ce an bar baƙuwa da yunwa. Farfesa ba ya shiga cikin gida, ni kuwa gidanmu ne, na yi sallama na wuce.

Na same ta a bakin murhu zaune kan turmi, ta cire takalmi, ta ɗaura wani tsohon zanen Gwaggo a kan siket ɗinta, idonta ya yi ja don hayaƙi. Ita da Gwaggo hannunsu cikin tukunya ɗaya, suna kankarar ƙanzon tuwon dawa suna dangwala miyar kuka. Gwaggo kuwa sai faɗa take mata ba ƙaƙƙautawa, wai ta rame, wai ɗaurin ɗankwalinta kamar na mahaukaciya, wai wancan zuwan ta yi alkawarin maganin ido ta zo hannu rabbana. Malama tana ba da haƙuri da cikakken baki. Ashe katangarsu ɗaya lokacin da babanta yake Kurfi, kuma Gwaggo ce ta yi ta goyon ta in mamarta ta tafi kasuwa. Ni a lokacin ina makarantar kwana.

Gwaggo na ganina ta miƙe, ta goge hannu a zane, ta ce Lauya ne da kansa, a kawo kujera. Matar da ta sha zane ni da tsumagiya a kan satar gyaɗa, yau ita ce ke miƙe mini. Na ce mata ai bai kamata ba, an cika mu da abinci a zaure, ita kuwa Malama ko kwano ɗaya ba a aiko mata ba, ga shi na kawo mata saura. Gwaggo ta dube ni da mamaki.

"Kwano kuma? Wannan? Ai baƙo aka kai ma kwano." Ta karɓi na hannuna ta rufe shi da faifai. "Koma zaure, Lauya, kar hayaƙi ya ɓata maka riga."

Ba da wata manufa ta faɗa ba, wallahi, ta ma riga ta juya tana ce wa Malama ta tashi ta ɗebo ruwa a randa. Na tsaya a tsakar gidan da aka yanke mini cibiya, cikin rigata mai sitaci, na rasa inda zan sa kaina. Na san al'adar nan tun ina yaro, ni kaina na sha kai wa baƙin babana kwano. Ban dai taɓa lura da ranar da aka fara kawo mini ba. Na dubi tukunyar nan, ban taɓa jin kwaɗayin wani abinci kamar yadda na ji na ƙanzon nan ba, kuma babu wanda ya ce in sa hannu.

Da la'asar muka yi sallama. Aka cika but da tsarabata, kaji biyu, damin gero, ƙwaryar man shanu, tulun zuma. Malama ba a ba ta komai ba sai saƙo. Gwaggo ta biyo ta har ƙofar gida tana nanata mata maganin ido, da zaren saƙa baƙi, kuma kar ta kuskura ta wuce wata mai zuwa. Ni kuwa ta ce Allah ya kiyaye hanya, a gaida iyali, an gode da ziyara.

Daga Kurfi har Dutsin-Ma taga kawai nake kallo. Farfesa yana ta tsokanata, wai sabon ɗan majalisa ya fara jan aji. Na yi ta juya maganar a raina. Babu wanda ya ga abin da na gani, Malama kuma na san halinta, ba za ta taɓa cewa a ba ta kujera don ta ci ƙanzo ba. In na yi shiru, shi ke nan, rigata ma tana wurin tela. A Ƙanƙara muka tsaya sallar magariba, ita ta zauna a mota. Muna fitowa daga masallaci, ina neman takalmina, sai na ji bakina yana ba Farfesa labari tun daga turmi har hayaƙi. Ba don kirki ba ne, kar ku yabe ni. Na dai san in na hau kujerar nan, duk ranar da aka kira ni wakilin mutanen Kurfi, muryar Gwaggo zan riƙa ji.

Na zaci zai yi mini dariyar da Nufawa suka saba. Sai ya tsaya, yana riƙe da takalmi ɗaya a hannu.

"Ni ma," in ji shi, "an daɗe ana kai mini kwano a Bida."

Muka iso Zariya lafiya, kajin ma lafiya, sai ɗaya da ta yi wa littattafan sashe abin da ta ga dama. Da aka zauna taro Farfesa ya miƙa sunan Malama. Wasu suka yi gunaguni, suka maimaita maganar da ni na koya musu, cewa ba 'yar ƙasa ba ce. Dole ni na miƙe na warware abin da na ƙulla. Na ce mun shekara muna kuka a Ikko cewa an rufe mana ƙofa, ashe mu ma da muka sami 'yar tamu ƙofar, sakata muka fara nema. Aka ɗaga hannu, ta samu. Babbar rigar da na ɗinka, ita na sa na je taya ta murna, ta ce ta yi mini kyau, na ce na gode, ban ji daɗi ba ko kaɗan.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba shi da yawa. In za ku yi wa yara bayanin aikinku, ku tafi da kayan aikin. In za ku sayi tumu a 'Yantumaki, ku cire agogo. Kuma in ana neman ɗan gari, kar a tsaya a zaure ana duba wanda aka fi cika wa tabarma, a leƙa bakin murhu a ga wanda ake yi wa faɗa. Kujerar na haƙura da ita, ta fi ni iya jawo yaran, na gani da idona. Amma hassadar ba ta tafi ba, wuri kawai ta sauya.

Shekaranjiya na shiga kasuwar Sabon Gari na sayi maganin ido da zaren saƙa baƙi, na riga Malama. Ranar Asabar zan hau motar haya, ba Fijon sashe ba, da tsohuwar rigata, in wuce zaure ko kallonsa ban yi ba, in zauna kan turmin nan. Ba zan tashi ba sai Gwaggo ta ce na rame.